Rake Mai Gaɓa Shida

Ba ni ɓata takarda wurin faɗin yadda na bar Wurno. Kowa ya san yadda ake barin gida: gero ya ƙare, haraji ya matso, mutum ya ɗauki sandarsa. Abin da nike son rubutawa kalma ce guda ta Turanci da matar da ta koya mani ita, don yaran yanzu masu takardar shaida sun ishe ni. In na buɗe baki na yi Turanci a kasuwar Rabah sai su riƙa zungurin juna da gwiwar hannu. To, su yi. Ni dai aji uku na yi a elemantare, ubana ya rasu, anka mai da ni bakin jigo ina ban ruwan albasa. Amma kalmar da ke bakina ta taɓa hana a ɗaure mutum. Su tasu wa ta ceta?

A Gaya, bakin Kwara, na gamu da Ummaru mutumin Goronyo. Ƙato ne, ya girme ni nesa, ya baro mata da ɗiya ƙanana, maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu. Wani madugu ya tara mu da alkawarin zai kai mu Gwalkwas, ƙasar da anka ce ko kare ya je sai ya komo da riga. Ya ce mu ba shi guzurinmu ya riƙe kada 'yan sandan Faransi su ƙwace. A Jugu munka shiga masallaci sallar azahar, munka fito, ba madugu ba jakinsa. Daga nan dako munka riƙa yi daga gari zuwa gari don mu samu na sawa a baka. Kusa da Sansanin Mango kurkunu ya fito mani a ƙafa, ta kumbura awa turmi. Sauran abokan tafiya sunka yi mani fatan sauƙi sunka wuce. Ummaru ya duƙa ya goye ni, gandamemen saurayi da ni, har garin da munka sami mai magani. Da na yi mashi godiya sai ya ce ai ban kai buhun wake nauyi ba.

Munka bi Salaga, munka haye kogi a Yeji, munka ɗan yi aikin gonar koko wajen Kumasi, mai gonar ya sallame mu da rogo da zagi. A ƙarshe jirgin ƙasa ya sauke mu Sakunde, bakin teku.

Ban so garin ba. Ruwa bisa, ruwa ƙasa, tufa ba ta bushewa. Hausawan zango waɗanda anka haifa can suna kallonmu awa kayan da ambaliya ta kawo. Albasarsu ƙarama ce, in ɗan Wurno ya ga irinta a gonarsa sai ya yi kuka. Abincinsu dokunu, wani curin masara mai tsami naɗe a ganye, ga ni kuwa ko a mafarki furar gero nike gani. Munka sami aikin dako a tashar jiragen ruwa, muna ɗaukar buhunan koko daga sito mu hau wani katako mu kai cikin kwalekwalen da ke kai su ga jirgi.

A ƙofar zango, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai wata dattijuwa Bafantiya, 'yar ƙabilar garin, mai sai da dokunu da soyayyen kifi. Ranar farko munka sayi curi guda don shi ƙarfinmu ya kai. Na tambaye ta sunanta, ta ce Araba. Ummaru ya ɗauka umurni ta ba mu, ya ce to, ya karya dokunun biyu ya miƙo mani rabi. Ta yi dariya har ta cire tabaronta tana share ido, ta ƙara mana kifi. Tun ran nan can muke ci.

Mami Araba, haka kowa ke kiranta, malamar makaranta ce a da. Ta daɗe tana koyar da 'yan mata Turanci a makarantar mishan, sunka sallame ta don ta auri masunci ba a cocinsu ba. Mijin teku ta ci shi, ita ta koma bakin kasko. Amma malanta ba ta bar jikinta ba. Akawu mai kwat zai zo sayen kifi, in ya karkata kalma sai ta riƙe kifin sai ya gyara. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk “ya” take ce masu, ni kuwa ban taɓa samun ƙarfin halin gyara mata ba. Da ta ji na ɗan taɓa boko sai ta sa mani ido. Sakkwato take kirana. Ta ce Turancina awa ɗakin da anka yi wa jinka ba a gina bango ba.

Helumanmu, wato shugaban 'yan dako, mutum ne mai son a ji tsoronsa. Wata Alhamis ya hana Ummaru ya aje buhu ya yi la'asar. Ummaru ya dube shi ya ce Allah ya isa, kowa ya ji. Kashegari anka yi ruwa tun safe, katakon ya yi santsi. Ina bayan Ummaru da nawa buhun, na ga ƙafarsa ta zame, ya faɗi da gwiwa, buhun ya suɓuce daga kansa ya sauka kan heluma da ke tsaye a ƙasa. Kafaɗar heluma ta karye. Kafin Ummaru ya miƙe an riga an ce ramuwa ce.

Anka kai shi caji ofis, na bi su da ɗingishina. Tafintan wurin ɗan zango ne, mai hula ja da agogo, daga baya na ji ƙanwar heluma ce matarsa. Sufeto ya yi tambaya, tafinta ya juya, Ummaru ya ce wallahi ba da gangan ba ne, santsi ne. Tafinta ya juya ga Sufeto ya zuba Turanci, a ciki na ji wata kalma doguwa wadda ya faɗa har sau biyu, Sufeto ya rubuta. Na kama ta da kunne na riƙe, ina murna an faɗi gaskiyar abokina da babbar kalma. Anka ce za a kai shi gaban majistare ran Talata ta sama.

Na zo rumfar Mami na zauna ni kaɗai. Ta tambayi ina Ummaru, na kwashe labari na gaya mata, na ce amma da sauƙi, tafinta ya faɗa masu ba da gangan ba ne, har na koyo kalmar. Na gyara murya na ce intenshanali.

Ta aje matsamin kifi. Ta ce in sake faɗi. Na sake.

“Haka ya ce? Ba komi a gabanta?”

Na ce haka ya ce, sau biyu ma.

“Sakkwato, an ɗaure ɗan'uwanka. Wannan kalma da gangan take nufi.”

Na ce ba ya yiwuwa, da kunnena na ji Ummaru ya rantse. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta ɗauki gawayi ta rubuta a jikin kwanon rumfa da manyan baƙaƙe: unintentionally. Ta sa tafin hannu ta rufe baƙaƙe biyun farko ta ce wanga shi tafinta ya faɗi, da gangan. Ta ɗauke hannu ta ce wanga shi Ummaru ya faɗi, ba da gangan ba. Ta ce duk kalmar Turancin da ka ji ta ƙare da “li”, ba aikin take faɗi ba, yadda anka yi aikin take faɗi, kuma a kan yadda anka yi ake ɗaure mutum. Wannan ban buƙaci bayani ba. Ko alkalin Wurno ya raba ganganci da kuskure. Abin da ya kashe mani jiki shi ne a ce duk tsawon “ba … ba” namu, Bature ya dunƙule shi cikin ɗan gunaguni guda wanda mugu zai haɗiye ba wanda ya lura. Ta ce in an tabbatar da ganganci, ɗauri ne mai tsawo da aiki mai tsanani. Na tuna ɗiyan da ke Goronyo suna jiran gero.

Na ce to ta zo ta faɗa wa majistare. Ta ce ita ba ta ga faɗuwar buhu ba, ba mai sauraronta, ni na gani. Na ce to ta koya mani jawabi. Ta ce jawabina zai rushe tun ban kai tsakiya ba, tafinta ya tsince shi ya gyara yadda yake so. Kalma guda zan ɗauka, amma in kai ta ba ta zube ba.

Ta aika anka sayo mata rake a maƙwabta, ta zaɓi mai gaɓa shida, ta sa wuƙa ta yanka shi a kan kowace gaɓa, ta jera bisa tebur. Ta ce kalma rake ce, ba mai sa shi a baki dungum. Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya: an, in, ten, shan, al, li. Na ce ina “shan” a cikin rubutun, ni baƙaƙen ta da i da o da na nike gani. Ta ce haka Turawa suke, abin da sunka rubuta daban, abin da sunka faɗi daban. Na ce wannan na sani tun a wurin haraji.

Wutsiyar ba ta ba ni wuya ba. Ten na san shi tun aji ɗaya, goma ke nan. Sauran kuwa da na haɗa sai na ji “shan alli”, na ce ai wannan mun yi shi a makaranta in yunwa ta kama mu. Ta ce madalla, in riƙe shi haka. Kan kalmar ne ya zame mani ƙaya. Harshen Bahaushe ba ya son ya tsaya kan “n” sau biyu a jere bai sa wani abu a tsakani ba. In na ce an, in, sai su manne su zama anin, daga anin sai anini, ɗan kuɗin nan mai huji. Anini ten shan alli. Wasu 'yan dako da ke cin dokunu sunka fashe da dariya, wani Bazabarme ya ce to ga farashin alli ya faɗi. Tun daga ran nan sunana a Sakunde Anini, kuma sunan ya biyo ni har gida.

In kuma na guje wa anini sai in faɗa ramin da ya fi shi. Mu “an” ɗinmu ba shi da nauyi, an zo, an tafi, an ce, ɗan share fage ne kawai kafin magana. Sai in faɗe shi a gurguje ƙasa-ƙasa in wuce. Duk sa'ad da na yi haka Mami sai ta ɗauke gaɓar farko daga tebur ta sa a aljihun zanenta ta ce, “Ka ɗaure shi.” Ba faɗa, ba tsawa. Ka ɗaure shi. Na ji wannan magana har ta fi bulala ciwo.

Gaɓar farkon nan ta gindin raken ce, mai tauri da saiwa a jiki. Ta ce da gangan ta zaɓe ta, ita mutane ke yarwa, alhali ita ta fi zaƙi. Ni ɗan fadama ne, na san gaskiya ta faɗi. Ta ce in faɗi an, in rufe, in bar ɗan numfashi awa mai sauya kafaɗa, sannan in ce in. Ta ce nauyin kalmar yana kan ten, can take aje kayanta, amma in ɗaga an yadda kurma zai ji. Ta hana ni rerawa, ta ce mutanen Sakkwato ko gaisuwa waƙa suke mai da ita. Na ce na ji wani Bature a tasha ya faɗi irin wagga kalma bai cika gaɓoɓinta ba. Ta ce mai gida shi ke shiga ɗakinsa ba sallama.

“Kai baƙo ne, Sakkwato. Baƙo ba ya haɗiye komi.”

Kullum in an tashi aiki nan nike. Tana juya kifi da hannu guda, ɗayan yana buga gwiwarta, bugu ɗaya gaɓa ɗaya, na uku da ƙarfi. Gaɓar da na faɗi daidai ita take ba ni in sha, ta sayo wani raken gobe. Ta farkon ce ba ta taɓa ba ni ba. Ita ce kuma ta je da ƙafarta wurin akawun kotu, wanda matarsa ɗalibarta ce a da, ta tsaya a kansa sai da ya sa sunana cikin shaidu. Ni ba addininta ba, ba yarenta ba, ba abin da za ta samu wurina sai cinikin rabin dokunu. Na yi zama da malamai, na yi zama da masu sarauta, ban ga wanda ya ɗauki aikinsa da girma awa yadda matar nan ta ɗauki gaɓa shida ba.

Ran Talata ba ta hura wuta ba. Mutanen zango sunka ce tun da mijinta ya mutu ba a ga rumfar a rufe ba. Ta sa zanenta na zuwa coci, ta zauna a bencin baya. Anka fito da Ummaru, ya rame, ido ya faɗa. Heluma da hannu a rataye ya faɗi nasa, ya kawo maganar Allah ya isa. Majistare wani Bature ne mai jan wuya, ga alama ya ƙosa ya tafi cin abinci, kansa a duƙe yana rubutu.

Anka kira ni, na rantse. Tafinta ya ce mani in faɗi abin da na gani a taƙaice, kuma da Hausa. Na faɗi ruwa, na faɗi santsi, na faɗi gwiwar da ta bugi katako, na ce ba da gangan ba ne. Tafinta ya juya ya zuba, ni kuwa kunnena na kan bakin kalmar. Ta zo. Ya ɗan yi tari daidai wurin, ya wuce da intenshanali sumul. Da ban sha rake ba da na rantse daidai ya faɗi.

Na ce, “No, sa.”

Ɗan sanda ya ce in yi shiru. Majistare ya ɗago kai. Harshena ya yi nauyi awa fatanya, na ji anini na tahowa daga maƙogwaro. Na duba baya. Mami ba ta kalle ni ba ma, tana zaune a miƙe, sai na ga hannunta ya tashi ya sauka kan gwiwa, bugu guda, ya tsaya yana jira.

“An,” na ce, har ɗakin ya amsa. Na rufe, na sauya kafaɗa. “In. Ten. Shan. Al. Li.”

Majistare ya aje alƙalami ya ce in sake. Na sake, wannan karo a haɗe, da nauyin a kan ten. Ya dubi tafinta ya yi mashi wata gajeruwar tambaya, tafinta ya fara bayani mai tsawo da hannuwa. Bature ya ɗaga mashi yatsa. Ya sa anka kira wani tsohon soja Bahaushe da ke gadin ƙofa, ya ce shi ya juya. Anka sake tambayar Ummaru daga farko, anka sake tambayata, anka kira wasu 'yan dako biyu da sunka ce katakon ya kayar da mutum ko a makon da ya wuce. Kafin azahar anka sallami Ummaru. Aikin tasha dai mun rasa shi, ni da shi, heluma bai manta ba. Tafinta kuwa na ji bai daɗe ba ya koma kujerarsa, don irinsu ba su faɗuwa.

A waje Ummaru ya tsaya gaban Mami, sai ya duƙa har ƙasa awa gaban uwarsa. Ta ce ya tashi kada ya ɓata mata zane. Ni na tsaya ina jiran yabo. Ta ce “al” ɗina ya yi tsawo kaɗan, kuma na yi ihu awa mai kiran shanu. Sannan ta sa hannu a jakarta ta fiddo gaɓar nan ta gindi, ta ranar farko, ta bushe ta yi yaushi, ta miƙo mani. Na tsaya a ƙofar kotun Turawa ina tauna busasshen rake, hawaye na zuba, mutane na kallo.

Ba mu daɗe ba munka komo gida, don ba mai ɗaukarmu aiki. Ban sake ganinta ba, ban iya rubuta mata takarda da Turanci ba, ban san ranar da ta mutu ba, in ta mutu. Ummaru ya iske ɗiyansa da rai, ya shiga fataucin albasa, yau raƙumansa har Sakkwato suke kai kaya. In mun gamu a kasuwar Goronyo yakan ce a'a, Anini, kana nan? Yaransa su yi dariya ba su san mafarin sunan ba, shi kuwa bai taɓa gaya masu ba. Ban riƙe shi da komi ba, ya goye ni, na goye shi. Bara na nemi a ba ni koyar da ajin manya a Magarya, wani yaro da na girme wa ubansa ya ce sai mai takarda. Na ce ya faɗi kalmar nan in ji. Ya faɗe ta da sauri, da ƙwambo, ya haɗiye kanta.

Ɗiyata ta fari sunanta na yanka Rabi, amma tun tana cikin zani Araba nike kiranta, har ya bi ta gidan miji. Mutanen Wurno wasu sun ce don a Rabah kakarta take, wasu sun ce gado anka yi rigima a kansa shekarar da anka haife ta. Ban gyara wa kowa ba. In rake ya nuna a fadama nakan sayo mata guda in yanka gaɓa-gaɓa, ta ɗebi na sama ta rarraba wa yara. Na gindin ta sani, nawa ne.